Wanda Ya Riƙe Mini Ragama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu, yayan mahaifiyata, ya cika da hantsin wata Alhamis a ƙarshen daminar bana, a gidansa na unguwar Gumani da ke Tamale, bayan doguwar jinya. Kafin azahar an kafa rumfuna a ƙofar gida, an jera kujerun roba, babura sun cika layin har da ƙyar aka samu hanyar fitar da makara.

A cikin gida matarsa tana zaune a kan tabarma, duk wadda ta durƙusa yi mata gaisuwa sai ta gaya mata magana ɗaya, wai ta dama masa koko, ya ce a bari ya huce, kokon bai huce ba ya tafi. Mahaifiyata tana gefenta, ba ta yi kuka ba. Sai da aka dawo daga maƙabarta ta dube ni ta ce, "Shi ke nan, yanzu babu mai yi mini faɗa a duniya." Daga nan ta ja mayafi ta rufe fuska.

A waje maza suna ta ba da labarinsa. Wani ya ce mutum ne mai taurin kai, Allah ya jiƙansa. Wani ya ce ai taurin kan ne ya sa ake ba shi amana. Babban ɗansa, wanda ya taso daga Kumasi, yana karɓar gaisuwa da hannu ɗaya, ɗayan hannun riƙe da waya. Mutum ɗaya ne ya ƙi shiga rumfa, wani tsohon manomi ɗan Dagomba, maƙwabcin Kawu tun unguwar tana daji. Ya ɗauki kujerarsa ya kai bayan gida, ya zauna kusa da turken goɗiyar Kawu. Can na same shi da yamma. Goɗiyar tana cin harawarta hankali kwance, tana kaɗa jela tana korar ƙuda. Na yi zaton zan tarar ta ƙi cin abinci, kamar yadda ake faɗa game da dabbar da ubangidanta ya mutu. Da na ga tana ci, sai haushinta ya kama ni, kuma a nan ne kukan da na riƙe tun safe ya ƙwace mini.

Ina rubuta wannan ne don na san yadda abin zai kasance. Za a gina ɗakunan haya a inda turken yake, jikokinsa za su girma su ji wai kakansu ya taɓa ajiye doki, iyakar abin da za su sani ke nan.

Kawu da fataucin shanu ya tashi. Mahaifinsu daga Katsina ya zo ƙasar nan, shi ya ɗora shi a kan doki tun yana ƙarami, suna koro garke daga arewa. Da manyan motoci suka karɓe safarar, fatake suka sayar da dawakinsu, shi ya ƙi. Ya koma sayar da hatsi a kasuwa, amma bai taɓa zama babu doki a gidansa ba. Saboda haka ma ya bar cikin gari ya koma Gumani, lokacin babu kowa sai manoma. Gari ya bi shi har can ya kewaye shi. Ta ƙarshe da ya ajiye ita ce wannan goɗiya fara, yana kiranta Kili. Mu 'yan Tamale kowane iri doki muke cewa, shi kuwa ba ya bari ta wuce. Ko liman ne ya ce masa yaya dokin, sai ya ce goɗiya ce, tana lafiya.

Ba mutum ne mai sauƙi ba, kuma ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba. 'Ya'yansa maza ya koya musu hawa da tsawa da bulala, duk suka tsani abin, babu wanda ya gaje shi. Ya san haka. Wata rana yana daka kanwar da zai ba Kili ya ce mini ya gane yadda ake koyarwa ne bayan waɗanda yake so ya koya wa sun tafi.

Ni kuwa ban taɓa sha'awar doki ba. Malamar firamare ce ni a unguwar Changli, ina da baburina, ina zuwa ko'ina a kansa kamar sauran matan garin nan. Wata ranar Asabar maigidana ya ɗauko ni a nasa, muna dawowa daga suna, motar yashi ta fito daga kwana. Shi ko asibiti bai kai ba. Ni na karye a cinya. Na yi takabata a kwance, ƙashi ya haɗe, likita ya ce in riƙa tafiya, in koma harkokina. Amma na kasa. Da na ji ƙarar inji a bayana sai in kasa gaba in kasa baya. An taɓa tare mini yelo-yelo, keken nan mai ƙafa uku, don a mayar da ni asibiti, ina sa ƙafa ɗaya a ciki na fara amai. Na daina zuwa makaranta. 'Ya'yana biyu suka koma wurin mahaifiyata a unguwar Bulpiela. Na rufe ƙofa na zauna, damina ta wuce, rani ya shigo.

Dangi sun zo da nasiha iri-iri, an kawo rubutu, an kawo turare. Kawu bai zo da komai ba. Ya jingine kekensa a bakin ƙofa, ya zauna, ya ɓare goro, ya yi ta labarin tsadar masara. Da zai tashi ya ce bayansa ya fara ciwo, ba ya iya sunkuyawa ya wanke wa Kili ƙafafu, ko zan zo in taimaka masa. Na ce Kawu ai ka san ba na iya hawa komai. Ya ce shi bai ambaci hawa ba, ƙafa Allah ya ba ni.

Washegari da sassafe ya dawo. Muka taka daga Changli har Gumani, yana tura kekensa ta ɓangaren titi, ni ina ta ɓangaren kwata. Duk babur ɗin da ya taho sai in tsaya cak, shi ma ya tsaya, ya duba tayarsa kamar ita ta tsayar da shi. Tafiyar da bai kamata ta daɗe ba sai da rana ta take muka isa. Daga baya matarsa ta gaya mini kwana ya yi ana gasa masa gwiwa. Ta kuma gaya mini kafin ya zo wurina sai da ya je asibiti da kansa ya nemi likitan ƙashin da ya duba ni, ya tambaye shi ko cinyata za ta ɗauki sirdi.

Makonni na yi ina zuwa ban taɓa sirdin ba. Ina ɗebo ruwa, ina taje geza, ina kwashe kashi. Ya koya mini in riƙa yi wa Kili magana kafin in zagaya ta bayanta, in ɗora hannu a jikinta kada in ɗauke har in wuce. Ya ce ita ma matsoraciya ce, leda ma in iska ta ɗauko ta sai ta zabura, don haka ni da ita za mu fahimci juna. Ban san ranar da na fara jingina goshina a wuyanta ba. Na dai san jikinta akwai ɗumi, kuma a nan na fara yin kukan maigidana ba tare da wani ya ce in yi haƙuri ba.

Ranar da na fara hawa, a gonar gyaɗar da tsohon maƙwabcin nan ke nomawa ne bayan an cire amfani, ƙasa ta yi laushi. Kawu ya kifa turmi na taka, ya riƙe ragama, na sa ƙafa a likkafa. Ina zama Kili ta gyara tsayuwa, ƙasa ta yi mini nisa, sai na ji ni a bayan maigidana, kwanar nan tana tahowa. Na damƙe gaban sirdi, na matse ta da gwiwoyi, na ce ya sauke ni.

Ya ce, "Zan sauke ki. Amma fara gaya mini, kunnuwanta ina suke kallo?"

Na ce ban sani ba. Ya ce in duba. Na buɗe ido na ga ɗaya yana gaba, ɗaya ya juyo wajena.

Ya ce, "To ke take saurare. Ki ji tsoronki, ba wanda ya hana ki. Gwiwar kawai za ki sassauta, kina matse mata numfashi."

Na sassauta. Ta sauke wani dogon numfashi har na ji shi a cinyoyina. Ko taku ɗaya ba mu yi ba ranar, ya sauke ni kamar yadda ya ce. Bai taɓa cewa zai yi abu a filin nan ya saɓa ba, ina jin da wannan ya samo kaina.

Haka muka ci gaba. Yana ja ina zaune, sannan ya ƙara tsawon igiya ya tsaya a tsakiya muna kewaya shi, sannan ya ba ni linzami a hannuna. Maganarsa a fili ba ta da yawa. Ki dubi inda za ki, kada ki dubi inda za ki faɗi. Hannu ƙasa. Dunduniya ƙasa. In na yi daidai ba ya yabo, sai dai ya ɓalli goro ya miƙo mini.

Ban ankara ba unguwa ta shigo cikin maganar. Telan da ke bakin layi ya ga ina fama da zane, ya ɗinka mini wando mai faɗi na sawa ƙarƙashin doguwar riga, ya aiko matarsa ta kawo. Matan da ke suyar ƙuli-ƙuli suka riƙa tara wa Kili harawa daga gonakin danginsu. Makanikan da ke kusa da filin, da sun hango na hau sai su kashe injin da suke gwadawa, ba wanda ya roƙe su. Tsohon maƙwabcin kuwa kullum yana gindin ɗorawa a kan benci. In na iso ya ce dasiba, gaisuwar safiya ta Dagomba, in amsa da naa, shi ke nan hirarmu, amma bai taɓa fashi ba. Har wata nas mai ritaya ta ce ita ma tun tana yarinya take so, Kawu ya ɗora ta, muka zama mu biyu. In ta hau ina yi mata dariya, in na hau ta rama. Rabona da dariya tun kafin hatsarin.

Labari ya kai Bulpiela, mahaifiyata ta zo da kanta. Ta same ni a kan sirdi. Ba ta ko dube ni ba, ta wuce wurin yayanta. Ta ce mutane suna magana, mace, uwar 'ya'ya, mijinta bai daɗe a ƙasa ba, tana wangale ƙafa a kan doki a gaban makanikai. Ta ce ta binne suruki, ba za ta binne 'ya ba saboda haukan tsufansa. Kawu ya bari ta gama, sannan ya faɗi maganar da bai kamata ya faɗa ba a gaban jama'a.

Ya ce, "Ai kin riga kin binne ta a ɗaki, ni tono ta nake yi."

Mahaifiyata ta tsaya kamar an mare ta. Ita ce ta yi jinyata, ita ke riƙe da 'ya'yana, ita ke aiko mini da tuwo kullum. Ta juya ta tafi. Suka daina magana. Aka yi biki a dangi, kowa ya zauna nasa gefe. Ni ina tsakiya, in na je Gumani in ji na ci amanar uwata, in na zauna a gida in ji bango yana matso ni. Na roƙi Kawu ya ba ta haƙuri, ya ce abin da ya faɗa gaskiya ne. Na ce gaskiya ce amma ta yi ciwo. Har ya mutu bai furta kalmar ba. Da azumi ya zo sai ya fara aika mata ƙwan zabi, ita kuma ta aiko masa da fura, da haka suka koma gaisawa. Wata safiya ina kewaya fili na hango ta a bayan katangar makanikai tana leƙe. Na yi kamar ban gan ta ba, ita ma ba ta taɓa tayar da zancen ba.

Faɗuwar da take tsoro kuwa ta zo. Na fara sassarfa ni kaɗai babu igiya, sai wani mai yelo-yelo, baƙo a unguwar, ya danna oda a bakin filin. Kili ta yi gefe, ni na yi ƙasa. Ban karye ba, kafaɗa ce ta bugu, bakina ya cika da ƙasa. Na ɗauka Kawu zai ce in tashi in koma, don na ji haka ya yi wa 'ya'yansa. Sai ya zo ya zauna dirshan a gabana, yana kakkaɓe mini mayafi. Ya ce in ƙashin nan ya sake karyewa bai san da wane ido zai dubi ƙanwarsa ba. Ya ce in na ga na bari, in bari, ba zai ga laifina ba.

Na koma Changli na rufe ƙofa kamar da. Wannan karon ba a bar ni ba. Nas ɗin ta zo ta duba kafaɗar, ta zauna har yamma tana ba ni labarin yadda ta kusa zamewa ita ma. Matar tela ta zo. Ɗaya daga makanikan ya aiko a gaya mini sun kafa katako a bakin hanyar, babu mai sake shigowa da abin hawa. A ƙarshe tsohon maƙwabcin ya zo da kansa, mutumin da ban taɓa ganin ya bar Gumani ba. Ya ƙi shiga, ya tsaya a ƙofa ya ce da irin Hausarsa, "Alhaji ba shi ci tuwo. Ka zo." Na koma. Ranar ban jira turmi ba, na kama sirdi na hau.

Kafin shekara ta zagayo na koma aji. Na ɗauko 'ya'yana. Ina shiga yelo-yelo, ina shiga mota, ko da yake har yau ban sake hawa babur ba, kuma ban ce zan hau ba. Ran Asabar kuwa ni da Kili muna fita har bayan gari, Kawu yana zaune yana jiran mu dawo in gaya masa abin da ta tsorata da shi a hanya.

Sai ciwon ya same shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya karye. Mutumin da muryarsa ke kaiwa ƙarshen layi ya koma sai an kai kunne bakinsa. Abin ya ci shi ƙwarai. Ya riƙa fushi da matarsa, yana ture kwano, wani lokaci in same shi hawaye na bin gefen fuskar da ba ta motsi. Da safe makanikan su ɗauko shi a kujera su ajiye a bakin filin, in hau in kewaya a gabansa. Yana gyara mini da hannun hagu, ya danna tafin ƙasa, in san hannuna ya yi sama. Zuwan da na yi na ƙarshe yana da sauran magana, ya ja ni kusa, ya daɗe yana kokawa da harshensa. Abin da na iya ji shi ne, kada a sa Kili a mota. Na ce ba za a sa ta ba.

Bayan addu'ar arba'in 'ya'yansa suka zauna a kan maganar Kili, suka ce ba za su iya riƙe ta ba. Ban ga laifinsu ba. Babu mai zama a Tamale a cikinsu, mahaifiyarsu za ta koma wurin babban, gonar gyaɗar ma masu ita sun yanka ta fuloti. Ni gidan haya nake, ba ni da inda zan kafa turke. Tsohon maƙwabcin ya ce yana da ƙane a wani ƙauye arewa da gari, akwai fili, akwai ciyawa, zai riƙe Kili har ƙarshen kwananta. Babban ɗan ya ce zai nemo motar shanu. Na gaya masa abin da mahaifinsa ya ce. Ya tambaya to wa zai kai ta. Na ce ni.

Na ɗaura mata sirdi da sassafe. Matar Kawu ta fito ta shafa wuyanta, ta koma ciki da sauri. Makanikan suka tsaya a bakin rumfarsu. Maƙwabcin ya riga ya yi gaba a motar kasuwa don ya tare ni a can. Dole na bi gefen babban titi kafin in samu hanyar ƙasa, babura suna wuce mu ta ko'ina, manyan motoci suna busa mana iska. Kili tana rawar jiki, ni ma haka. Na yi ta yi mata magana, ban san me nake cewa ba, har kwalta ta ƙare muka shiga tsakanin gonakin dawa. Daga nan ta saki jiki, ta miƙa wuya, ta kama tafiyarta. Ta tsufa, sai da na sauka na ja ta a wurare.

Rana ta yi sama muka isa. Ƙanen maƙwabcin ya fito, shi ma dattijo ne, yana jin Hausa sosai. Ya karɓi linzamin, ya duba bayanta bayan na sauke sirdi, ya ga babu inda ya goge ta, ya ɗaga ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya dube ni ya ce tun daga Gumani ni kaɗai? Na ce ni kaɗai. Ya ce wa ya koya mini?

Na buɗe baki in ce Kawuna, sai na ji maganar ba ta cika ba. Na ce, "Marigayi Kawuna." Tun da ya rasu ban taɓa haɗa sunansa da wannan kalma ba sai ranar. Dattijon ya ɗaga hannuwa, yayansa ya ɗaga, ni ma na ɗaga, muka yi masa fatiha a tsaye a cikin rana, goɗiyar tana shan ruwa a gefenmu.

Ya Allah, bawanka ya zo maka da taurin kansa da alherinsa. Ka yafe masa na farkon, ka karɓi na biyun, ka yalwata masa makwanci. Ka sanyaya zuciyar matarsa da ta ƙanwarsa. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani. Amin.